Neman farkawa a cikin mafarki ba tare da barci ya yanke ba

4 ga Janairu

To yau dai na fara. Abin da nake nema shi ne in kai inda zan kasance tsakiyar mafarki kuma na san mafarki nake, ido a rufe, barci bai yanke ba, amma hankalina na tare da ni. Sau ɗaya tak ya taɓa faruwa da ni ina yaro, wani abu ya biyo ni ina ta gudu sai kawai na ja na tsaya na ce kai wannan ai mafarki ne, abin ya ɓace ɓat, ni kuma na farka ina haki. Tun daga lokacin abin ke raina. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Holan, Frederik van Eeden, shi ya raɗa masa sunan da masu bincike ke kiransa da shi tun 1913, ni dai a nan zan riƙa ce masa mafarkin sani.

Ba don in tashi sama ko in yi yawon buɗe ido a mafarki nake so ba. Tambayar da ke cina daban ce. A mafarki kana gani, kana ji, tsoro na kama ka har ka jiƙe da zufa, wato dai akwai wani a ciki da abin ke faruwa da shi, amma wanda ya rasu shekara goma zai zo ya zauna kusa da kai kuna hira ko gezau ba za ka yi ba. To mene ne wannan da ya tafi hutu a kanka a lokacin, wanda da rana shi ne zai ce tsaya, wannan ba daidai ba ne? Shi nake son in kama da hannuna.

Kayan aiki: littafi da biro a gefen filo, sai alam na waya. Doka biyu kawai, in rubuta mafarki da na buɗe ido, sannan da rana in riƙa tambayar kaina ko mafarki nake.

10 ga Janairu

Kwana shida, shafi huɗu fayau ba komai. Ina farkawa da jin cewa na yi mafarki mai tsawo, kafin in miƙa hannu in ɗauki biro ya zube kamar ruwa a tafin hannu. Abin da na lura shi ne motsi ke kore shi, da na juya ko na duba waya shikenan. Jiya na kwanta likimo ban motsa ko yatsa ba, na bi shi daga ƙarshe zuwa farko, sai ga shi yana fitowa kaɗan kaɗan.

Matsala ta biyu ni na jawo ta, ƙarfe ɗaya nake kwanciya in tashi shida. Barci ba shimfiɗa ɗaya ba ce, zagaye yake yi, kowane zagaye kamar minti 90, kuma a ƙarshen kowanne akwai wani kashi da ido ke ta zirga-zirga a ƙarƙashin fata, nan ne mafarkai masu labari suka fi yawa. Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman suka bayyana shi a 1953 a jami'ar Shikago, kuma ɗan Aserinsky mai shekara takwas na cikin waɗanda ya fara jona wa na'urar. Wannan barcin motsin idon a farkon dare gajere ne, ƴan mintoci, sai wajen asuba yake tsawo har ya kai rabin awa ko fiye. Kenan mai barcin awa biyar daidai wajen da nake nema yake yankewa. Daga yau goma da rabi na kwanta.

Mu kan ce barci ƙanin mutuwa, kuma in ka kalli mai barci daga waje haka ne, amma in aka auna lantarkin ƙwaƙwalwarsa a wannan kashin sai a ga ya yi kama da na mai ido biyu sosai.

18 ga Janairu

Alhamdulillah yanzu kusan kullum ina kama ɗaya, wani lokaci biyu. Da na karanta na baya sai na ga abubuwa na maimaita kansu: tsohuwar makarantarmu amma ƙofofin ba a inda suke ba, waya da nake son kira lambobin na ta canzawa a hannuna, sai kuma latti, kullum na makara zuwa wani wuri. Na ja musu layi, su ne alamomina.

Gwajin rana kuma iri biyu nake yi. In toshe hanci in gwada shaƙar iska, a mafarki iska za ta shiga tunda hancin gaske ba wanda ya toshe shi. Ko in karanta rubutu in kau da kai in sake karantawa, a mafarki rubutu ba ya zama wuri ɗaya. Paul Tholey, wani masanin halayyar ɗan adam a Jamus, shi ya yi fice da wannan dabarar ta yawan tambayar kai da rana har ta zama jiki ta bi ka cikin barci. Amma gaskiya yadda nake yi ba shi ba ne, ina toshe hanci ne kawai hankalina na wani wuri, na riga na san amsa tun kafin in yi tambayar.

27 ga Janairu

Wannan makon ya ɗan girgiza ni, kuma ba da dare ba, da rana.

Tunda na ga gwajin ya zama aikin hannu kawai, sai na sa waya ta riƙa ƙara a lokutan da ban tsara ba, duk sanda ta yi in rubuta inda hankalina yake daidai wannan sakan ɗin. Wallahi ban zaci haka ba. Mafi yawan lokuta ba na nan. Ina tafiya amma ina can ina maimaita wata gardama ta makon jiya ina gyara amsoshin da ya kamata in bayar, ina karatu ido ya gama shafi guda ban san me ke ciki ba, ana min magana ina ɗaga kai alhali ina lissafin gobe. Kuma abin da ya fi tsaya min shi ne a lokacin ban san na tafi ba, sai ƙarar ta dawo da ni sannan in ce af. To ina bambancin wannan da mafarki? Labari ne ke ja na ina bi, ba wanda ya tsaya ya ce ina muke.

Ashe ba ni kaɗai ba. A 2010 Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert na Harvard sun yi irin wannan da manhajar waya a kan mutum 2,250, suka samu kusan kashi 47 cikin 100 na lokutan da aka tambaya hankalin mutane ba ya kan abin da suke yi. Kusan rabin rayuwar ido biyu kenan fa. Na shigo aikin nan ina ganin da rana ina cikin hayyacina da dare ne nake rasa shi, yanzu na ga wanda nake son ya farka a mafarkin da rana ma gyangyaɗi yake.

Na canza salon gwajin. Kafin in toshe hanci sai na amsa tambaya ɗaya tukuna: ya aka yi na zo nan? In bi baya, minti goma da suka wuce ina ina, kafin nan fa? A mafarki ba ka da baya, kawai tsintar kanka kake a wuri.

4 ga Fabrairu

Na fara dabarar Stephen LaBerge, wanda ya yi digirinsa na uku a kan wannan a Stanford a 1980. Ka sa alam bayan awa biyar da kwanciya, ka tashi na ɗan lokaci, ka tuna mafarkin da ka fito daga ciki, sannan ka koma kana ƙudurta wa ranka cewa in na sake mafarki zan tuna mafarki nake, kana hango kanka a cikin wancan mafarkin ka gane alamar. Irin tunin da kake yi ne in ka ce in na wuce wuri kaza zan tsaya in karɓi saƙo, shi ake son a ɗora wa mafarki. A wani gwaji da Denholm Aspy ya yi a Ostiraliya a 2017, waɗanda suka haɗa wannan da gwajin rana sun dace a kusan kashi 17 cikin 100 na dararen, amma in mutum ya koma barci cikin minti biyar abin ya kai kusan 46. Ni kuma nan ne matsalata, in na tashi ido sai ya bushe, awa guda ina juyi. Dare uku a jere na yi, ciwon kai na samu da jin haushin kowa. Na mayar da shi sau biyu a mako, ranakun da ba ni da fitar sassafe.

9 ga Fabrairu

Dannau ya kama ni daren jiya. Zan rubuta shi dalla-dalla tun yana sabo.

Na tashi huɗu saura, na yi abin da na saba, na koma na kwanta rigingine. Ban san sanda barci ya sace ni ba, sai dai na ji wata ƙara a kunne kamar injin na tasowa daga nesa, na buɗe ido ina ganin silin, ina ganin hasken da ke shigowa ta ƙasan ƙofa, komai na ɗakin daidai yake, amma hannu ya ƙi, ƙafa ta ƙi, harshe kamar an ɗaure. Ƙirjina kamar an ɗora buhu. Sannan na ji, ban gani ba tukuna, ji na yi akwai wani tsaye ta wajen ƙafafuna, kuma ba alheri ya kawo shi ba. Na yi ta ƙoƙarin kiran ƙanina da ke ɗaya gadon, a raina ihu nake iya ƙarfina.

Abin mamakin shi ne na karanta wannan tun kafin ya same ni, kuma wani sashe na kaina yana faɗa min a hankali cewa ka san mene ne wannan, zai wuce, amma tsoron bai ragu ko kaɗan ba. Sani na gefe ɗaya tsoro na gefe ɗaya kowa na aikinsa. Na daina kokawa da jikin gaba ɗaya na tattara hankalina kan babban yatsan ƙafa, na yi ta turawa, ya ɗan motsa, sai komai ya sake ni lokaci guda. Ƙanina ya ɗago ya ce "Yaya lafiya? Gurnani na ji kana yi ƙasa-ƙasa." Ihun nan duka abin da ya fito kenan.

Kowace al'umma na da abin da take faɗa game da wannan, ni abin da ke faruwa a jiki nake bi. A barcin motsin ido can ƙasan ƙwaƙwalwa inda ta haɗu da laka akwai wurin da ke kashe tsokokin jiki, don kada ka tashi ka aikata abin da kake mafarki. Michel Jouvet a Faransa ya nuna haka da kyanwoyi, a shekarun 1960 da aka lalata wannan wurin sai ga kyanwa tana barci amma ta miƙe tana farautar abin da babu. Dannau shi ne ka farka wannan makullin bai buɗe ba, mafarkin kuma bai gama janyewa ba sai ya zubo cikin ɗakinka na gaske. Nauyin ƙirji kuwa, numfashi na tafiya da kansa sama-sama irin na mai barci, kai kana son jan dogo tsokokin sun ƙi ba ka haɗin kai. Wani nazari na 2011 da ya tattara bincike da dama ya samu kusan kashi 8 cikin 100 na jama'a sun taɓa yi, a ɗalibai kuwa ya haura 28, kuma yankakken barci da kwanciyar rigingine na ƙara jawo shi. Duka biyun na haɗa.

Ya koya min abin da karatu bai koya min ba. Ido ya farka, jiki na barci, mafarki na ci gaba, mai lura kuma na nan yana kallo. Ashe abin da nake kira hayyaci ba dunƙule ɗaya ba ne, guntaye ne da suka saba tashi tare har muka ɗauka abu ɗaya ne.

13 ga Fabrairu

Hutu. Ba alam, ba komai, rubutun safe kawai. Da gefe nake kwanciya yanzu.

21 ga Fabrairu

Na koma ta wata ƙofar mai sauƙi, bakin barci, wannan ɗan tsakanin da ba ka tafi ba kuma ba ka nan. Ana ba da labarin Thomas Edison, mai ƙirƙire-ƙirƙiren nan, yana gyangyaɗi a kujera da ƙwallon ƙarfe a hannu, da barci ya ɗauke shi sai ƙwallon ya faɗi ya tashe shi, don ya kama tunanin da ke zuwa masa a wannan tsakanin. A 2021 masu bincike a Paris ƙarƙashin Delphine Oudiette sun gwada da kwalba a hannun mutane bayan sun ba su lissafi mai ɓoyayyar gajeriyar hanya, waɗanda suka taɓa matakin farko na barci ko na sakan 15 ne kashi 83 cikin 100 suka gano ta, waɗanda ba su runtsa ba kashi 30, waɗanda suka zarce barci mai nauyi kuma amfanin ya ɓace.

Ni makullai na riƙe da rana, da faranti a ƙasa. Sau uku suka faɗi. Abin da na kama: da farko tunani na ne ina jan sa, sai a hankali jimlolin su fara karkacewa, in ji kaina ina tunanin wata magana da ba ta da kai ba ta da gindi amma a lokacin daidai take a wajena, sai ɗigon haske, sai fuskar wani da ban taɓa gani ba ƙarara har da tabo a gira, sai ƙarar faranti. Hotunan ba su suka fara zuwa ba, mai tantancewar ne ya fara zamewa, kuma zamewarsa ba ta da ƙara.

3 ga Maris

Ya faru! Hannuna har rawa yake ina rubutun nan.

Wajen biyar da rabi ne. Ina makarantar nan tawa ta kullum, na makara jarrabawa, ina neman ajin ƙofofin na ta kai ni wani wurin. Na ciro waya in duba lokaci, na ga 7:40, na ɗaga kai na sake dubawa sai na ga wasu alamu da ba lambobi ba. Sai tambayar ta zo da kanta ba ni na kira ta ba, ya aka yi na zo nan? Na duba baya, wayam. Na toshe hanci na ja, iska ta shiga sumul.

Ban san yadda zan kwatanta ba sai dai in ce kamar an goge gilashi. Wurin bai canza ba amma komai ya ƙara fitowa, na dafa bango na ji sanyinsa da ƙurajen fentinsa a tafin hannuna, na tsaya ina kallon ƙura na yawo a hasken taga ina cewa duk wannan kaina ne ke ƙera shi yanzun nan, jikina na can kwance. Tsoron jarrabawar ya tafi gaba ɗaya. Na tuna abin da na ƙudurta, na kai ido hagu dama hagu dama. Daga nan murna ta yi min yawa, wurin ya fara dusashewa, na farka na ɗauki littafi ina rubutawa da sauri... sai na sake farkawa, littafin na gefe a rufe ba ko ɗigo. Farkawar farkon ma mafarki ce, kuma ban gane ba, minti ɗaya bayan na gama gane wancan.

Maganar ido kuwa dalilinta shi ne wancan makullin da ke kashe jiki ba ya kama tsokokin ido, kuma inda ka kalla a mafarki idon gaske ma kan bi. Da haka aka tabbatar abin nan ba tatsuniya ba ne. A watan Afrilun 1975 a jami'ar Hull ta Ingila, Keith Hearne ya shirya da wani mai suna Alan Worsley cewa in ya gane yana mafarki ya yi wannan alamar, da safe ga ta nan a takardar na'ura alhali duk sauran layukan na nuna barci yake. LaBerge ya sake tabbatarwa daban ya wallafa a 1981. A 2021 kuma ɗakunan bincike huɗu a Amurka, Faransa, Jamus da Holan suka wuce nan, mutum 36, ana yi musu tambaya suna barci, aka ce wa wani takwas a cire shida ya amsa biyu da ido. Amsoshin daidai kusan kashi 18 cikin 100 ne kawai, mafi yawa shiru aka ji, amma ko ɗaya ce ai ta isa a ce mai mafarki na iya ji ya yi lissafi ya mayar da amsa.

12 ga Maris

Kwana tara ba a sake ba, ban kuma damu ba. Kusan kashi 55 cikin 100 na mutane sun taɓa yi ko sau ɗaya, masu yi duk wata kusan 23 ne, ba abu ne da ke zuwa a kira ba.

Ina ta juya abin da ya dawo min a wancan sakan ɗin. Gani dai ina gani tun kafin nan, ji ma haka. Abin da ya ƙaru shi ne na san ina gani, na tuna ko ni wane ne da inda jikina yake da abin da na yi niyya jiya. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa ta bayan goshi, mai tsara abu da bin diddigi, yana lafawa a barcin motsin ido, kuma aikin Ursula Voss na 2009 da na Martin Dresler na 2012 sun nuna alamar wuraren nan na ɗan farfaɗowa a mafarkin sani. Sai dai mutanen da aka auna ƴan kaɗan ne ƙwarai, na Dresler ma mutum ɗaya ne, don haka ba na ɗora masa kaya da yawa.

Wanda ya fi hana ni sukuni shi ne binciken Adrian Owen a Kambirij a 2006. Wata mace ƴar shekara 23 da ta yi haɗarin mota, tana buɗe ido amma ba ta amsa komai, an ɗauka ba kowa a ciki. Aka sa ta a na'urar hoton ƙwaƙwalwa aka ce ta ɗauka tana buga tanis, sannan ta ɗauka tana zagaya ɗakunan gidanta, ƙwaƙwalwarta ta yi abin da ta masu lafiya ke yi. Tun daren dannau nake tuna ta, ni minti ɗaya ko biyu na yi ina ihu ana jin gurnani. Daga waje motsi kawai muke iya aunawa, shi ya sa nake ganin bai kamata a yi saurin cewa babu kowa a jikin da ya yi shiru ba.

Shi kuma dalilin da ya sa aikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke zuwa da ji daga ciki, sanyin bangon nan da na ji a hannu, shi masanin falsafa David Chalmers ya kira matsala mai wuya a tsakiyar shekarun 1990, kuma littafina da biro ba za su taɓo ta ba. Ƙaramar tambayar ce tawa, yaushe mai lura ke zuwa yaushe yake tafiya, ita kam ana iya bibiya.

20 ga Maris

Na biyu ya zo shekaranjiya amma rabi-rabi. Na gane mafarki ne, har na faɗa wa mutumin da muke tare, amma na ci gaba da damuwa kada mota ta tafi ta bar ni, wato na sani amma sanin bai ratsa ko'ina ba. Zan fara ba su maki daga 1 zuwa 5 maimakon eh ko a'a, kuma ƙarar wayar rana ma haka zan riƙa yi mata, shafi ɗaya, in ga ko ranakun da na fi kasancewa a inda nake su ne ke haifar da dararen.

Na kuma ƙara doka, duk farkawa sai na toshe hanci kafin in taɓa biro. In ya sake zuwa ba zan yi zumuɗi ba, zan murza tafin hannuwana in tsaya wuri ɗaya, in yi alamar ido, in ƙirga ɗaya zuwa goma, in sake alamar, kamar yadda LaBerge ya yi ya ga ƙirgen mafarki bai yi nisa da na ido biyu ba. Ƙanina ya ce ranar Asabar zai zauna daga ƙarfe biyar da ƴar fitila mara haske sosai da agogo ya kalli fatar idona, ya ce "Yaya in na gani in tashe ka ko in bar ka?" Na ce ya rubuta lokacin kawai ya bar ni.